LAMBAR TSOHUWAR MOTA: ABIN DA DOKA TA CE

 

Yau hirarmu ta kai mu Gure, cikin jahar Damagaram. Za mu yi magana bisa wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa gaban mota da bayanta, wato allon lamba. Ƙarami ne, amma rashinsa yakan tsayar da babbar mota da lodinta kwana da kwanaki. Za mu fi ba da ƙarfi ga tsofaffin motoci, don su ne suka fi samun matsalar lamba. Ku matso kusa, wanda ke da alli ko fensir ya riƙe.

TSOFAFFIN MOTOCIN ƘASAR GURE

Gure tana bisa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Maraɗi da Damagaram, ta wuce Difa har Gigmi. Ɓangaren da ya tashi daga Gure zuwa Gigmi an shimfiɗa shi a farkon shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada. Amma da zarar ka sauka daga kwalta, sai rairayi da tudu. Hanyar Kelle, da ta Bune, da ta Tesker, ba kowace mota ke iya su ba.

Shi ya sa mutanen wannan yanki ke riƙe da tsofaffin motoci masu ƙarfi. Akwai Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Akwai Peugeot, wadda muke kira Fijo: 404 ta fito a 1960, 504 ta fito a 1968, kuma an buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Akwai manyan motocin Berliet, waɗanda aka daina sa wa wannan suna a Faransa tun 1980. Akwai kuma tsofaffin Toyota. Irin waɗannan motoci su suka daɗe suna ɗauko kanwa da dabino daga kwaruruka, su kai hatsi da bisashe kasuwannin Subdu da Gidigir, su kai marar lafiya likita. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, amma motar da ta shekara 30 ko 40 ta sha hannu. Ta wuce daga wannan zuwa wancan. An sake mata inji, an sake mata fenti, wani lokaci an sake mata gida gaba ɗaya. A cikin wannan sake-sake ne lamba ke ɓacewa, ko ta goge, ko ta daina dacewa da takarda. Sai mai mota ya ce: ai tsohuwa ce, kowa ya san ta. Jama'a, doka ba ta san wannan magana ba. Muddin mota na hawa hanyar jama'a, tilas ta ɗauki lamba, ko an ƙera ta bana, ko tun zamanin kakanni.

MECE CE LAMBAR MOTA?

Makiyayan wannan yanki, Tubawa da Fulani da Buzaye da Larabawa, sun san amsar tun kafin mota ta zo. Kowane gida yana da shaidar wuta da yake yi wa raƙumansa ko shanunsa. In raƙumi ya ɓace, aka gan shi a wata rijiya, sai a duba shaidar, a ce na gidan wane ne. In an sato shi aka kawo kasuwa, shaidar ce za ta tona asirin ɓarawo. In ya shiga gonar wani ya yi ɓarna, da ita za a san wanda zai biya.

Lambar mota haka take. Bambancin shi ne, mai mota ba ya zaɓar wa kansa. Gwamnati ke bayarwa, ta rubuta cikin rijistarta, kuma ba ta ba motoci biyu lamba ɗaya.

Abin ya daɗe a duniya. A birnin Paris, hukumar ƴan sanda ta tilasta wa masu mota sa allo tun ranar 14 ga watan Agusta 1893, lokacin da motoci ba su da yawa. A nan Nijar, bayan samun mulkin kai a 1960, an yi dokar hanya a 1963, aka kuma yi sabuwa a 2014. Ban da wannan, ƙasashen duniya sun taru a birnin Viyena a 1968, suka yi yarjejeniya bisa tafiyar motoci. Nijar ta shiga cikinta a 1975. Wannan yarjejeniya ta shafi motar da ke ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa, amma ma'aunin da ta kafa shi ne abin da kowane mai mota ya kamata ya gwada allonsa da shi. Za mu kawo shi nan gaba kaɗan.

SHAIDU UKU

Kowace mota tana da shaidu uku. Tilas bakinsu ya zo ɗaya.

Shaida ta farko ita ce allon lamba, wanda kowa ke gani daga waje.

Ta biyu ita ce takardar mota, wadda direbobi ke kira kart giriz, wato kati mai ruwan toka. A cikinta akwai lambar mota, da sunan mai ita, da inda yake zaune, da sunan kamfanin da ya ƙera ta, da ranar da ta fara hawa hanya, da irin man da take sha, da yawan mutane ko nauyin kayan da aka yarda ta ɗauka.

Ta uku ita ce lambar shasi. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, ƙarfen da aka ɗora komi bisansa. Kamfanin da ya ƙera motar ya buga wata doguwar lamba a jikin wannan ƙarfe, ya kuma maimaita ta bisa wani ɗan faranti, galibi kusa da inji ko bakin ƙofa. Yawancin motocin da aka ƙera daga wajen 1981 zuwa yau, lambar shasinsu tana da baƙaƙe da alƙaluma 17. Waɗanda suka girme su, tasu takan fi gajarta. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ake so, abin da ke jikin ƙarfe ya zama shi ne cikin takarda.

In jandarma ya tsayar da kai, abin da yake dubawa ke nan. Ya karanta allo, ya karanta kart giriz, in ya yi shakka ya leƙa shasi. In uku sun dace, sauran magana mai sauƙi ce. In ɗaya ta saɓa, yana da dalilin zaton motar ta sata ce, ko ta shigo ba ta biya duwan ba.

Sauran takardun mota duka suna rataye ne ga lambar: takardar asirans, da ta bizit, wato duba lafiyar mota, da binyat. Kowace an rubuta lambar motar a kanta. In lambar ta rikice, su ma sun rikice.

MU KARANTA ALLO TARE

Allon mota wuri ne mai kyau na gwada karatu, don baƙaƙensa manya ne. Ana karanta shi daga hagu zuwa dama.

Baƙaƙe biyu da za ku fara ganewa su ne R da N. Ma'anarsu Jamhuriyar Nijar, da harshen Faransanci. Su ne alamar ƙasarmu a hanyoyin duniya.

A tsohon tsari, kowace jaha tana da alƙalaminta: 1 Agadas, 2 Difa, 3 Doso, 4 Maraɗi, 5 Tawa, 6 Tilaberi, 7 Damagaram, 8 Yamai. Motar da aka yi wa rijista a jahar Damagaram, har da ta Gure, tana ɗauke da 7. Tsofaffin direbobi sun san wannan da ka. Daga baya, cikin shekarun da suka biyo bayan 2010, hukuma ta kawo sabon tsari, ta kira masu motoci su sake lamba. Sabon allo yana da baƙaƙe biyu, sannan alƙaluma huɗu, tare da RN. Wanda motarsa ta daɗe a ajiye a gida da tsohon allo, yana son ya tada ita, ya fara zuwa ofishin sufuri na jaha a Damagaram kafin ya hau hanya.

Motocin gwamnati suna da nasu allo mai baƙaƙe ARN. Na ofisoshin jakadanci suna da CD. Motocin Najeriya kuwa, waɗanda ke shigo mana daga Yobe da Jigawa da Kano, an rubuta sunan jiha a saman allonsu. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya, kore na gwamnati.

Ku yi hattara da masu kama da juna. Baƙin O yana kama da sifiri, 0. Baƙin I yana kama da 1. B yana kama da 8, S yana kama da 5, Z yana kama da 2. In allo ya goge ko ya lanƙwashe, nan ne ido ke ruɗewa. Don gudun wannan ruɗu ne ma ba a sa I da O da Q cikin lambar shasi mai 17.

YADDA AKE ƊAURA ALLO

Ga ƙa'idodin. Ku ƙidaya su tare da mu.

1. Mota tana ɗaukar allo biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya, lamba iri ɗaya. Babur yana ɗaukar nasa a baya. Tirela da ake ja ita ma tilas a ga lamba a bayanta.

2. Ana rubuta lamba da manyan baƙaƙen boko da alƙaluman da muka koya, 0 zuwa 9.

3. Da rana, in mota na tsaye, ya zama mutum na iya karanta allo daga nisan mita 40. Wannan shi ne ma'aunin yarjejeniyar Viyena. Mita 40 kamar taki 50 ne na babban mutum. Ka ajiye motarka, ka taka 50, ka juyo. In ba ka iya karantawa, to allonka ya gaza.

4. Da dare, allon baya yana da ƴar fitilarsa mai farin haske. Ma'auni shi ne a iya karanta shi daga mita 20, kamar taki 25. A tsofaffin motoci wannan fitila ita ce ke fara mutuwa, kuma ita ce direba ba ya gani daga inda yake zaune. Ka sa yaron mota ya duba maka.

5. Allo ya zama a miƙe, a tsaye, yana duban gaba sak ko baya sak. Kada ya kwanta, kada ya karkace, kada a naɗe shi a jikin bamba.

6. A kafe shi da kyau a jikin mota. Ba a ɗaure shi da igiya ko tsumma. Ba a ajiye shi bayan gilashi, ba a sa shi ƙarƙashin kujera a ce sai an tambaya.

7. Kada wani abu ya rufe shi. A nan ne motocin kasuwa suka fi yin kuskure. A sauke ƙyauren baya don a ƙara lodi, sai allo ya duƙa yana duban ƙasa. A rataya jarka, ko tayar safaya, ko tabarmi, ko buhun gawayi, sai lamba ta ɓace. Tampol ma yakan sauko ya rufe ta. Bayan an gama lodi, direba ya zagaya ya duba da idonsa.

8. Launin allo da girmansa da fasalin rubutunsa, hukuma ce ke yanke su. Ba a ƙara masa ado, ba a rubuta kirari a kansa. Mai son rubuta kirari yana da sauran jikin mota.

9. A riƙa share shi. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna rufe allo cikin tafiya ɗaya. Tsumma da ɗan ruwa sun isa.

Allon zamani yana da wani irin shafi mai maido da haske in fitila ta haske shi da dare. Wannan yana ceton rai. Motar da ta lalace a gefen kwalta da dare, ba fitila, sau da yawa allon nan ne mai zuwa daga baya zai fara hangowa. Fentin gwangwani ba ya yin wannan aiki. Shi ya sa lambar da aka rubuta da hannu bisa guntun kwano ba ta maye gurbin allon hukuma, ko da alƙaluman daidai ne.

KO TSUFA YANA SA A YAFE?

Wani zai ce: na ji a Turai tsofaffin motoci suna da tasu doka. Gaskiya ne. Bari mu ga yadda take, don kada a ruɗe ku.

A can akwai mutanen da ke ajiye tsohuwar mota don tarihi, kamar yadda ake ajiye takobin kaka. A Faransa, motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sake mata kama ba, ana iya yi mata takarda ta musamman. Mai wannan takarda an yarda ya sa baƙin allo mai farin rubutu irin na da, kuma ana duba lafiyar motar bayan shekara 5 maimakon 2. A Ingila, baƙin allo mai rubutu fari ko ruwan azurfa an bar shi ga motocin da aka ƙera kafin 1 ga watan Janairu 1980, in an rubuta su cikin motocin tarihi. Motar da ta wuce shekara 40 ana yafe mata harajin hanya, amma ban da wadda ake haya ko kasuwanci da ita. A Jamus, tun 1997, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun allo mai baƙin H a ƙarshe.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ko a can ba a yafe lamba ba. Abin da aka sassauta shi ne launi ko haraji. Lambar da ke allo tilas ta zama ita ce cikin takarda, kuma a iya karanta ta. Na biyu, mai mota ba shi ke yanke wa kansa cewa motarsa ta tarihi ce ba. Sai ya nema, an duba, an rubuta masa.

Tsofaffin motocin Gure kuwa ba na ado ba ne. Na neman abinci ne. Suna ɗaukar mutane da dukiyarsu kowace ranar kasuwa. Motar da ke ɗaukar rayuka ita ta fi cancanta a san ko ta wace ce.

KURAKURAI BIYAR

Na farko: saye ba tare da sake suna ba. A ce wani mutum a Gure ya sayar da Land Rover ɗinsa ga wani, aka yi ciniki da baki, aka tafa. Wancan ya yi shekara biyu ya sayar wa na uku. Kart giriz tana nan da sunan na farko. Wata rana motar ta buge mutum kusa da Gidimuni, direba ya gudu. Wani ya riƙe lambar. Ina jandarmomi za su nufa? Gidan wanda sunansa ke cikin rijista. Shi ne zai bar aikinsa ya yi ta kai da kawowa, yana neman shaidar cewa ya daɗe da sayarwa. Mai saye shi ma yana cikin haɗari: in gardama ta tashi, takarda ba ta san shi ba. Maganin abin: a rubuta takardar ciniki, mai saye da mai sayarwa su sa hannu, hukuma ta buga hatimi, kowa ya riƙe tasa. Sannan mai saye ya kai ta ofishin sufuri tare da tsohuwar kart giriz da katinsa na ɗan ƙasa, a yi masa sabuwa da sunansa.

Na biyu: aron lamba. Mutum yana da mota biyu iri ɗaya. Ɗaya ta mutu amma tana da takardu. Ɗaya tana tafiya amma ba ta da komi. Sai ya cire allon matacciya ya ɗaura wa mai rai. Jama'a, wannan babban laifi ne, ya fi rashin allo muni, don yaudara ce. Zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aka leƙa shasi, asiri ya tonu. In kuma hatsari ya faru, kamfanin asirans yana iya ƙin biya, don motar da ya ɗauki nauyinta dabam, wadda ta yi hatsari dabam. Sai diyya ta faɗo kan mai mota shi kaɗai.

Na uku: gyaran da ya taɓa shasi. Tsohuwar mota takan karye a rairayi, a kai ta wurin mai walda. In bai sani ba, sai ya ƙone lambar shasi, ko ya liƙa ƙarfe a kanta, ko mai fenti ya cike ta. Kafin a fara aiki, ka nuna masa wurin, ka ce kada a taɓa nan. In kuwa aka sake shasi gaba ɗaya, to a idon doka wata mota ce dabam, ko da gidan bai sake ba. Haka nan in an cire injin esansi an sa na gazuwal, ko an mai da motar kaya ta fasinja, abin da ke cikin kart giriz ya daina zama gaskiya. A je a sanar, a gyara takarda.

Na huɗu: motar da ta shigo daga waje. Iyakar Najeriya ba ta da nisa da ƙasar Gure, kuma ana ciniki tsakani tun kaka da kakanni. Motar da ta zo baƙunci tana shigowa da allonta na can, da takardar izinin duwan mai wa'adi. In kuwa ɗan Nijar ya saye ta don ta zauna nan, sai ta biya duwan, sannan a yi mata rijista, ta samu allon RN. Cire allon can a sa na nan ba tare da bin wannan hanya ba, shi ma aron lamba ne.

Na biyar: motar gwamnati da aka yi gwanjo. Wasu tsofaffin Land Rover da Toyota sun fara aiki ne a ma'aikatu ko ƙungiyoyin agaji. In an sayar da irin wannan ga mutum, allon ma'aikata ba ya binta gida. Mai saye ya riƙe takardar gwanjo da kyau, ya nemi lambarsa ta kansa.

TAMBAYA DA AMSA

Allona ya faɗi a hanyar daji, ban san inda ya faɗi ba. Yaya zan yi?
Ka je wurin jandarmomi ko ƴan sanda ka ba da sanarwar ɓacewa, su ba ka takarda. Wannan takarda tana kare ka in wani ya tsinci allon ya yi mugun aiki da shi. Sannan ka nemi sabon allo ta hanyar hukuma, da kart giriz ɗinka a hannu. Haka ake yi in kart giriz ce ta ɓace ko ta ƙone.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mota. Za mu ci gaba da aiki da sunansa?
Allah ya jiƙansa. Ku nemi takardar gado a kotu, magada su daidaita bisa wanda zai riƙe motar, a mai da takarda da sunansa. In kun bari, ranar da za ku sayar za ku sha wuya, kuma gardama na iya shiga tsakanin ƴan'uwa.

Motata ba ta zuwa birni, daga ƙauye sai kasuwa. Ita ma sai da allo?
Ita ma. Hanyar ƙauye hanyar jama'a ce. Kuma ku tuna, a wannan zamani da jami'an tsaro ke sa ido sosai a gabashin ƙasa, motar da aka hango cikin daji ba lamba abin zargi ce. Allo mai kyau kariya ne ga direba da fasinjojinsa.

Motar ta mutu, ba za ta sake tashi ba. Me zan yi da allonta?
Kada ka sayar da shi tare da ƙarafa, kada ka ba aboki. Ka cire shi, ka haɗa da kart giriz, ka sanar da ofishin sufuri. Muddin lambar na yawo da sunanka, kai za a nema.

Damagaram da nisa, ga kuɗin mota, ga na takardu.
Gaskiya ne, tafiyar ta haura kilomita 150. Amma ka auna da kwanakin da mota za ta yi a furiyar, ba aiki, ga tara, ga kuɗin ajiya, ga kayan mutane na lalacewa. Rigakafi ya fi magani. Ka tara takardunka duka kafin ka tashi, don kada ka yi sawu biyu. Ka tambayi kuɗin kowane abu a cikin ofis, ba a bakin ƙofa ba. Duk abin da ka biya, ka karɓi resi, wato takardar shaidar biya.

FASINJA MA YANA DA RABO

Wannan hira ba ta masu mota kaɗai ba ce. Ke uwargida mai zuwa kasuwar Subdu, kai manomi mai aika buhun gero, lambar mota tana yi muku aiki. Kafin ku shiga, ku karanta allo, ku rubuta shi a ɗan littafinku. In kun manta kaya a mota, kuka je tasha kuka ce wata farar Toyota ce, za a ce muku fararen Toyota suna da yawa. In kuka faɗi lamba, an gama. In kun aika yaro, ku riƙe lambar motar da ya shiga. In kun ga mota ta buge mutum ko dabba ta gudu, lambar ita ce abu na farko da za ku kama da ido. Ko rabinta kuka riƙe, tare da launin motar da irinta, ya taimaka.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya je tasha ko bakin kwalta, ya kwafo lambobi biyar. Ya raba baƙaƙe dabam, alƙaluma dabam. Ya nemo mai RN, ya nemo ta Najeriya in akwai. Mai mota kuma ya fito da kart giriz ɗinsa, ya gwada ta da allo, ya gwada ta da shasi, baƙi bayan baƙi. Wanda bai gama iya karatu ba ya nemi ɗan ajinsu su duba tare.

ABIN DA ZA A RIƘE

Tsufan mota ba ya yafe mata lamba.
Allo biyu, gaba da baya, a tsaye, a kafe, a share.
Taki 50 da rana, taki 25 da dare.
Allo, da kart giriz, da shasi, bakinsu ya zo ɗaya.
Wanda ya saya ya sake suna. Wanda ya sayar ya riƙe takardar ciniki.
Ba a aron lamba, ba a ba da aronta.

To jama'a, nan za mu dakata. Muna gai da direbobin Gure da yaran mota, da masu gareji, da duk mai bin hanyar Kelle da Bune da Tesker. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.